Birkin ABS da Ƙananan Bawulolin da Ke Sarrafa Shi

Yawancin motocin da ke shigowa ƙasar nan a yanzu, sababbi da na hannu, suna da wata 'yar fitila ruwan ɗorawa a allon da ke gaban direba, an rubuta mata haruffa uku, ABS. Da an murɗa makulli sai ta kama, jim kaɗan ta mutu. Direbobi sun saba ganinta, amma kaɗan ne daga cikinsu za su iya faɗin abin da take nufi. To, tun da yake motar gunduma da direbanta suna hannun hakimi, malaminsa kuwa shi ke rubuta kuɗin gyara, shi ke kuma rubuta rahoto in haɗari ya auku, ya kamata su biyun su san wannan abu gwargwadon hali, don kada a cire wani abu mai tsare rai daga motar suna tsaye, su kuwa suna tsammani gyara aka yi.

Haruffan nan uku taƙaitaccen suna ne na wani tsari da ke hana ƙafafun mota kullewa sa'ad da aka taka birki da ƙarfi. Tsarin yana da sassa da dama, amma waɗanda ke taɓa man birki da kansu, su tare shi ko su ba shi hanya, wasu ƙananan bawuloli ne da lantarki ke buɗewa da rufewa. Kowannensu bai fi ɗan yatsa girma ba. Kafin a gane aikinsu, sai an fara gane cutar da aka yi su dominta.

Illar kullewar ƙafa

Mota, kome girmanta, ba ta taɓa ƙasa sai a inda tayoyinta suka zauna, kowane wuri kuwa a ƙaramar mota bai fi tafin hannun babban mutum faɗi ba. Ta waɗannan wurare take tsayawa, ta nan kuma take karkata dama ko hagu in an juya sitiyari. Muddin taya tana juyawa, robarta tana riƙe da hanya, ana iya tsai da motar, ana kuma iya karkata ta. Amma in direba ya firgita ya danne birki har ƙafar ta daina juyawa ɗungum alhali motar ba ta tsaya ba, sai a ce ƙafar ta kulle. Daga nan jan tayar ake yi a ƙasa kamar buhu.

Wanda ya taɓa kallon jafi ranar hawan Salla ya ga misalin wannan. Mahayi ya taho a sukwane, ya ja linzami gaba ɗaya, doki ya zauna a kan ƙafafun baya yana sulalewa cikin ƙura. A ɗan lokacin nan da yake sulalewa, ko yaro ne ya gifta, mahayin ba shi da ikon kauce masa, sai inda gudun ya kai su. Haka mota take. In ƙafafun gaba suka kulle, direba ya juya sitiyari yadda ya ga dama, motar za ta miƙe ne inda ta dosa. In kuwa na baya suka riga kullewa, abin ya fi muni, gama bayan motar zai watsa gefe guda, ta juya ta dubi inda ta fito, ko ta faɗa rami.

Masana sun auna, sun tarar taya ta fi riƙe hanya sa'ad da juyawarta ta gaza gudun motar da kaɗan, kamar kashi 10 zuwa 30 cikin 100, gwargwadon irin hanyar. In aka wuce nan riƙon sai ya fara raguwa, ƙafar kuwa ta ruga zuwa kullewa cikin ƙiftawar ido. Watau birki mafi kyau yana dab da bakin kullewa ne, kuma wurin ƙunci gare shi, da wuya ƙafar mutum ta iya zama a kansa.

Tsofaffin direbobi sun san haka tun kafin a ƙago wata na'ura, shi ya sa suke koya wa yaransu taka-saki a kan hanya mai santsi. Dabara ce mai kyau, sai dai tana da iyaka. Ƙafar mutum ba ta iya taka-saki sai 'yan lokatai kaɗan a sakan guda, sa'an nan feda ɗaya ce tak, in ya saki ya sakar wa ƙafafu huɗu ne duka, har da waɗanda ba su kulle ba. Abin da ABS ke yi shi ne wannan taka-saki ɗin, amma a kowace ƙafa daban, da saurin da ɗan Adam ba ya kaiwa.

Hanyar da mai ke bi

A ƙaramar mota, mai ne ke kai ƙarfin ƙafar direba zuwa ga birki. In ya taka feda, fistin da ke cikin masta sai ya tura man birki cikin siraran bututan ƙarfe zuwa kowace ƙafa. A can man ya tura wani fistin, shi kuma ya matse takalman birki a jikin faifai ko ganga. Mai ba ya matsuwa kamar iska, saboda haka matsin da aka yi masa a wannan baki yana isa wancan baki nan take. Wani masanin Faransa, Blaise Pascal, shi ya bayyana wannan ƙa'ida tun a ƙarni na 17. Matsin kuwa ba kaɗan ba ne. In an danne birki da gaske, yakan ninka matsin iskar da ke cikin taya sau 40 ko fiye.

A motar da ke da ABS, bututan ba sa tafiya kai tsaye daga masta zuwa ƙafafu. Sai sun ratsa ta cikin wani dunƙulen alminiyam da ke ɗakin injin, wanda aka huda masa hanyoyi a ciki. Mai buɗe bonet zai gane shi da bututai biyar ko shida da suka taru a jikinsa, da wata 'yar mota mai lantarki a gefe guda, da baƙin akwatin roba a ɗaya gefen. Bawulolin suna dashe cikin dunƙulen, akwatin kuwa ƙwaƙwalwar tsarin ce, watau 'yar kwamfuta.

Yadda lantarki ke jan ƙarfe

A shekarar 1820 wani malami a ƙasar Denmak, Hans Christian Oersted, ya lura cewa in lantarki ya bi waya, allurar kamfas da ke kusa da ita tana karkata. Ba a jima ba André-Marie Ampère na Faransa ya nuna cewa in an naɗe waya zagaye-zagaye kamar zare a jikin kwarkwaro, aka sa lantarki ya bi ta, naɗin yakan zama maganaɗisu sosai. Shi ya raɗa wa irin wannan naɗi suna solinoyid, daga wata kalmar Girkanci mai nufin bututu. Wajen 1825 William Sturgeon na Ingila ya sa ƙarfe a tsakiyar naɗin, ƙarfin jan ya ƙaru ƙwarai. Amfanin wannan maganaɗisu a kan na dutse shi ne yana da makunni. A ba shi wuta ya ja, a yanke ya saki.

Bawul ɗin ABS an gina shi ne a kan wannan. A cikinsa akwai 'yar sandar ƙarfe mai iya motsawa sama da ƙasa, da ɗan sifirin mai mai da ita mazauninta, da wani ɗan rami wanda man birki ke bi. Bakin sandar an yi shi zagayayye yadda zai zauna daram a bakin ramin ya toshe shi. An kife sandar da wata hular ƙarfe wadda mai ba ya fita ta cikinta, naɗin wayar jan ƙarfe kuwa yana waje ya kewaye hular. Ta haka mai da waya ba sa haɗuwa ko kaɗan, ƙarfin maganaɗisun ne kawai ke ratsa hular ya motsa sandar. Tafiyar sandar duka ba ta kai milimita 1 ba, don haka tana gama ta cikin 'yan ɓangarori kaɗan na sakan in an raba shi dubu.

Mai karatu zai iya tambaya, yaya ɗan abu kamar wannan zai tare matsi mai yawa haka? Amsar tana ga ƙanƙantar ramin. Ƙarfin da mai ke tura abu da shi ya danganta ne ga faɗin wurin da ya samu ya tura. A ɗauka faɗin ramin milimita 1 ne, matsin kuwa ya ninka na iskar duniya sau 100. In an yi lissafi, turin da zai faɗa a bakin sandar bai kai nauyin kilo 1 ba, ƙaramin naɗin waya ya isa ya riƙe shi. Da za a faɗaɗa ramin ya zama milimita 10, turin zai ninka sau 100, ya kai kusan kilo 80, nauyin ƙaton mutum ke nan, sai an nemi maganaɗisu mai girma da cin wuta. To, ƙanƙantar nan ita ce ƙarfin bawul ɗin, ita ce kuma rauninsa, gama ɗan datti kamar ƙwayar yashi ya isa ya hana shi rufuwa. Shi ya sa aka sa wa kowane bawul 'yar rariya mai laushi, shi ya sa kuma za a dawo kan maganar tsabtar mai a gaba.

Ƙofa biyu a kowace ƙafa

A yawancin motocin yanzu kowace ƙafa tana da bawul biyu, watau takwas ke nan a mota. Ɗaya na shiga ne, yana tsakanin masta da birkin ƙafar. Ɗaya na fita ne, yana tsakanin birkin ƙafar da wata 'yar ma'ajiya mai sifirin da ke cikin dunƙulen. Manomin rani zai gane tsarin nan da sauri, gama kamar fangali ne mai baki biyu, ɗaya na shigar ruwa daga magudana, ɗaya na zubar da shi in ya yi yawa.

Ga abin da ya fi kome muhimmanci a darasin nan. Bawulolin biyu ba a zaune iri ɗaya suke ba in babu wuta. Na shiga, sifirinsa yana riƙe shi a buɗe, sai an ba shi wuta yake rufewa. Na fita kuwa, sifirinsa yana danne shi a rufe, sai an ba shi wuta yake buɗewa. Da gangan aka yi haka. In fiyus ya ƙone, ko waya ta tsinke, ko kwamfutar ta lalace, babu wutar da za ta je ko'ina, saboda haka ƙofar shiga tana buɗe, ta fita tana rufe, mai ya wuce daga masta zuwa ƙafafu kamar a tsohuwar motar da ba a taɓa sa mata ABS ba. Direba yana da birkinsa, hana kullewa ne kaɗai ya rasa. Da an juya tsarin, da kowace tsinkewar waya ta zama rasa birki. A zaman nan na hutu bawulolin ke wuni, gama a tuƙin yau da kullum ba a bukatar su, ana iya shafe watanni ba a kira su aiki ba.

In ƙafa ta fara neman kullewa, kwamfuta tana da mataki uku da take juyawa a tsakaninsu. Da farko sai ta ba bawul ɗin shiga wuta ya rufe. Yanzu ƙofofin biyu duk a rufe suke, man da ke birkin ƙafar ya zama a tsare, matsinsa ba ya ƙaruwa kome yadda direba ya ƙara dannawa. Sau da yawa wannan kaɗai yakan isa. In ƙafar ta ci gaba da rage juyi, sai kwamfuta ta ba bawul ɗin fita wuta na ɗan lokaci, ya buɗe, ɗan mai ya kuɓuce zuwa ma'ajiya, takalman birki su sassauta, hanya ta sake juya tayar. Da ƙafar ta koma gudu daidai da motar, sai a yanke wa na fita wuta ya rufe, a riƙa buɗe na shiga kaɗan-kaɗan, matsi ya hau mataki-mataki har ƙafar ta sake kusantar kullewa. Sai a koma farko. Wannan zagaye yakan maimaitu sau da yawa a sakan guda, har ya kai 10 ko fiye, kuma kowace ƙafa da nata lissafin. In tayoyin dama suna kan taɓo na hagu suna kan kwalta, na dama ne za a fi sassauta wa.

Saura man da aka zubar cikin ma'ajiya. Ma'ajiyar ƙarama ce, da za a bar ta ta cika da ba sauran wurin zubarwa, feda kuma ta yi ta nutsewa har ta taɓa ƙasa. Don haka da zarar bawul ɗin fita ya fara aiki, 'yar motar lantarkin nan ta gefe sai ta tashi, ta juya famfo mai ƙananan fistin biyu, ya kwashe man ya mai da shi wajen masta. Yana tura shi ne gaba da ƙafar direba, shi ya sa feda ke rawa tana bugun tafin ƙafa, ana kuma jin gurnani da ƙaras-ƙaras daga gaba. Direban da bai sani ba yakan zaci wani abu ya karye, ya ɗage ƙafa a daidai lokacin da ya fi bukatar birki. Wannan kuskure ya fi kowane kuskure tsada a motar ABS. An kuma sa wani ɗan bawul marar lantarki kusa da na shiga, mai barin mai ya koma baya kaɗai, don in direba ya saki feda birki ya saki nan da nan ko da ƙofar shiga tana rufe.

Idon kwamfuta

Bawul ba ya ganin hanya, umurni yake bi. A kowace ƙafa akwai zobe mai haƙora da ke juyawa tare da ita, da wani ɗan ma'auni a kafe kusa da shi, yana aika alama duk sa'ad da haƙori ya gifta. A sababbin motoci an bar haƙora, an koma zoben maganaɗisu da ke manne a jikin boris, amma aikin ɗaya ne. A duba yawan labarin da ke zuwa. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowane sakan. In kewayen tayarta mita 2 ne, tana juyawa sau 11 ke nan, in kuwa zoben yana da haƙora 48, alamu fiye da 500 ke isa ga kwamfuta daga ƙafa guda a sakan guda. Da waɗannan take gwada ƙafafun da juna. In ta ga ɗaya tana rage juyi da saurin da mota ba ta iya rage gudu da shi, ta san ƙafar nan ta kama hanyar kullewa, sai ta aika wuta ga bawulolinta tun kafin ta kulle.

Tarihinsa a taƙaice

A jiragen sama an daɗe da jin bukatar abin, don tayar jirgi in ta kulle wajen sauka fashewa take yi. A farkon shekarun 1950 kamfanin Dunlop na Ingila ya fito da wata na'ura mai suna Maxaret, wadda ba ta da lantarki, nauyin wani ƙarfe mai juyawa ne ke buɗe bawul ɗinta. An ɗora ta a motar Jensen FF a 1966, amma motar mai tsada ce, kaɗan aka ƙera. A 1971 kamfanin Chrysler na Amurka, tare da Bendix, ya sa tsari mai lantarki a ƙafafu huɗu na motarsa Imperial. Wanda ya kafu har ya bazu duniya shi ne na kamfanin Bosch na Jamus, wanda ya fito a manyan motocin Mercedes-Benz a 1978.

A tsarin nan na 1978 bawul ɗaya ne ke yin matakan uku duka. In babu wuta yana barin mai ya wuce, in an ba shi kamar rabin ƙarfi sai ya tsaya a tsakiya ya tsare man, in an ba shi cikakken ƙarfi ya buɗe hanyar zubarwa. Gwaninta ce, amma bawul ɗin yana da girma da wuyar ƙira. A shekarun 1990 aka koma ga ƙananan bawuloli biyu masu buɗe da rufe kawai, dunƙulen ya ragu, kuɗinsa ya sauko har ƙananan motoci suka samu. Babur na farko da ya fito kasuwa da ABS shi ne BMW K100, a 1988. Tun 2004 sababbin ƙananan motocin da ake sayarwa a Tarayyar Turai suna fitowa da shi, abin da ya sa na hannu da ke zuwa daga can kusan duk suna da shi. Motocin da ke da ƙarin tsarin hana watsewa a kwana sukan ɗauki bawul 12, don kwamfuta ta iya kama ƙafa guda da kanta ko direba bai taka ba. Manyan motoci masu birkin iska kuwa, su ma solinoyid ne ke sarrafa nasu, sai dai ba sa bukatar famfon mayarwa, iskar da aka rage waje ake hurar da ita.

Abin da ba ya iyawa

A nan ne ya kamata hakimai su ja kunnen direbobinsu, musamman masu bin hanyoyin ƙauye. ABS ba ya ƙara wa taya riƙon da ba ta da shi. A kan kwalta, busasshiya ko jiƙaƙƙiya, yakan rage nisan tsayawa ko ya bar shi kusan yadda yake, babbar ribarsa kuwa ita ce sitiyari yana nan da rai. Amma a kan tsakuwa da yashi da burji mai laushi, nisan tsayawa yakan ƙaru. Dalili kuwa, tayar da ta kulle a irin wannan wuri tana tara ƙasa a gabanta kamar garma, tudun nan yana taimaka wa tsayawa, ABS kuwa ba ya barin ta kulle balle ta tara. Haka nan a kan gargada, inda taya ke tsalle tana rabuwa da ƙasa, kwamfuta takan ga kamar kullewa ce ta sassauta. Saboda haka maganin hanyar burji shi ne rage gudu da barin rata tun da wuri. Taya mai sanƙo kuma, babu bawul ɗin da zai cece ta.

In abu ya gifta ba zato, abin da ake so direba ya yi shi ne ya danne feda da iyakar ƙarfinsa, ya bar ƙafarsa a kai kome rawar da take yi, idonsa a kan inda yake so ya bi, ya karkata sitiyari zuwa can ba da fizga ba. Kada ya yi taka-saki, gama duk sakin da ya yi yana katse wa kwamfuta lissafi ne, yana kuma ƙara nisan tsayawa. Yana da kyau a kai sabon direba wani fili da babu mutane ko dabbobi, ya gwada birkin da gaske a gudu kaɗan sau biyu ko uku, don ƙafarsa ta san bugun fedar kafin ranar da za a bukace ta.

Kiwon bawulolin

Naɗin waya ba ya cika lalacewa. Abin da ya fi kashe bawul shi ne mai. Man birki yana shan danshi daga iska a hankali, ruwan kuwa yana kawo tsatsa da dauɗa cikin ƙananan hanyoyin nan, har sanda ta maƙale. In ta shiga ce ta maƙale a rufe, ƙafar ba ta samun birki, motar ta riƙa ja gefe guda. In ta fita ce ta kasa rufuwa sosai, mai ya riƙa zurarewa ma'ajiya, feda ta yi laushi tana nutsewa. Ruwan yana kuma rage zafin da man ke jurewa. Sabon mai mai lamba DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230 aƙalla, amma in ya sha ruwa ma'aunin yakan sauko zuwa wajen 155, a doguwar gangara kuwa birki yana zafi ƙwarai. Masu ƙera motoci da yawa suna cewa a sake man kowace shekara 2. A duba murfin gwangwanin, irin man da motar ke sha yana rubuce a kai, yawanci DOT 3 ko DOT 4. Mai lamba DOT 5 wani iri ne daban, ba a zuba shi a motar ABS. Man injin ko man giya in ya shiga yakan kumbura robobin ciki ya lalata su duka. Ruwan sabulu da wasu ke zubawa in mai ya ƙare a hanya, ko a tsohuwar mota ganganci ne, a motar ABS kuwa kashe dunƙulen ne, kuɗinsa kuma ya ninka na gwangwanin mai sau da yawa.

Fitilar nan ruwan ɗorawa ita ce bakin tsarin. Sa'ad da ta kama da murɗa makulli, kwamfuta tana gwada kanta ne da kowane naɗin waya, in ta mutu an sami kome lafiya. Motoci da yawa kuma sukan gwada famfo da bawulolin da zarar an fara tafiya, ɗan ƙarar da ake ji sau ɗaya a lokacin ba illa ba ne. In fitilar ta ƙi mutuwa, ko ta kama a kan hanya, kwamfuta ta ga aibi ta janye hannunta. Sau da yawa aibin ƙarami ne, wayar ma'aunin ƙafa ce ta tsinke, ko laka ta rufe zobe, ko batir ya yi sanyi, bakanike mai na'urar karanta kwamfutar mota zai gano wurin ba da ɓata lokaci ba. Abin takaici, akwai masu gyara da ke cire ƙwan fitilar ko su liƙe ta da baƙin tef, su ce an gyara. Gane wannan ba wuya, a murɗa makulli a duba, in fitilar ba ta kama ba sam, an taɓa ta. Mai sayen motar hannu domin gunduma ya yi wannan gwaji kafin a biya kuɗi.

Akwai wani dalili kuma da ya sa ba a sakaci da fitilar. A motocin yanzu da yawa, bawulolin shiga na ƙafafun baya su ne ke rage wa baya matsi a kowane birki mai ƙarfi, aikin da wani bawul marar lantarki ke yi a tsofaffin motoci. In tsarin ya mutu gaba ɗaya, wannan rabo ma ya tafi, ƙafafun baya suna iya riga na gaba kullewa, an kuwa riga an faɗi abin da ke biyo bayan haka. A irin wannan hali jar fitilar birki takan kama tare da ta ABS.

Saboda haka ya kamata malamin hakimi ya keɓe shafi a littafin mota, ya riƙa rubuta ranar da aka sake man birki, da lambar man da aka zuba, da ranar da fitilar ABS ta kama da abin da bakanike ya ce ya samu. In ruwan ɗorawar ce kaɗai ta kama, ana iya tafiya a hankali zuwa wurin gyara. In ta kama tare da ja, a tsai da motar a gefen hanya, a tabbata an saki birkin hannu, a duba man da ke cikin gwangwani, kada a ɗauki mutane a cikinta sai bakanike ya duba.